Mai Akwati

Zuwa ga mahaifiyata, Inna A'i, a makwancinta da ke Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan Allah Ya yalwata miki inda kike, Ya haskaka shi, Ya sa kin tarar da abin da kika aika gaba. Ni ce Hajara. Na san ba ki yi boko ba, kuma ko da kin yi, babu mai kai wasiƙa inda kike. Na rubuta ne don na gaji da magana da bango, kuma don mutanen da suka shekara biyu suna yawo da sunan gidanmu a wayoyinsu su ji daga bakin wadda aka yi abin a gabanta.

Shekaranjiya na tsaya a gaban alƙali, Inna, da alwalata, da Alƙur'ani a hannuna. Tambaya ɗaya aka kira ni in amsa. Mutumin nan da ya yi zango huɗu a Majalisar Tarayya, wane ne shi a cikin 'ya'yanki? In na ce Lawal ne, ya koma gidansa cikin iyalinsa. In na ce Sani ne, sai gidan yari. Zan faɗa miki abin da na ce, amma ki yi haƙuri in faro daga tushe, don ke ma akwai hannunki a ciki, kuma yau ba zan ɓoye miki hakan ba.

Kin tuna bazarar da sanƙarau ya shigo 'yar unguwarmu ta bayan Barkiya. Ina da shekara bakwai. Yaya Lawal, ɗanki na fari, ya gama firamare a Kurfi, ya ci jarrabawar shiga makarantar kwana. Baba ya sayar da tunkiya ya sayo masa akwatin ƙarfe shuɗi a kasuwar Kurfi, aka rubuta sunansa a murfin da farin fenti. Kwana uku Yaya Lawal ya yi yana kuka da wuyansa, ran na huɗu aka fita da shi a makara. Maƙwabcinmu Malam Ɗahiru ne ya yi masa wanka.

Ba a kai ga sadakar arba'in ba Baffa Garba, wan Baba, ya zo ya zauna a tsakar gida yana kallon akwatin ta ƙofar ɗakinki. Har yau ina jin muryarsa: "Yaro ya tahi, amma takarda na nan da ranta. Gurbi ba ya mutuwa." Ga Yaya Sani, shekara ɗaya da rabi ce tsakaninsa da marigayin, an cire shi daga aji biyar don ya taya Baba noma da kiwo, amma kowa ya san yana ɗauke littattafan wansa ya tafi da su gona. Baffa ya ce wa ya san fuskar wani a can? Baba bai taɓa yi wa wansa musu ba, ranar ma bai fara ba.

Ke kaɗai kika yi magana, kuma ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Ku ɗauki akwatin, tunda kun fi ƙarfina. Amma bakina nawa ne."

Ban gane ba a lokacin. Na ɗauka faɗan manya ne irin wanda ke wucewa kafin a sauke tuwo.

Ranar tafiya da safe aka sa wa Yaya Sani kayan Lawal, wandon ya yi masa tsawo, aka naɗe ƙafafun. Baba ya ɗaure akwatin a bayan keke. Ba ki fito ƙofar gida ba. Kina dakan gero, kuma taɓaryar ba ta tsaya ba har suka ɓace a bayan kukar nan ta bakin hanya.

Da ya zo hutun farko ya ba mu labari yana dariya, wai sai da ya sha bulala sau uku a wajen kiran suna kafin kunnensa ya koyi amsa Lawal. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ke ba ki yi ba. Da yamma kika kira ni madafi kika miƙo mini kwano kika ce, "Kai wa mai akwatin can." Tun daga ranar ba ki sake kiransa da wani abu ba sai wannan.

Bayan shekara biyu Baffa ya kwashe mu zuwa Dutsin-Ma, inda babu wanda ya san mu. A can aka gyara labarin: Lawal ne babba, ga shi yana makaranta, Sani ƙanensa ne sanƙarau ya ɗauke. Haka aka rufe mai rai a cikin kabari da baki, aka fito da mamaci aka sa masa hula. Waɗanda suka san gaskiya a Barkiya danginmu ne da maƙwabta, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A nan abin dariya mai ɗaci ya faru. Matan unguwa suka lura ba kya kiran sunan Lawal, ko ta kuskure. Ko wani Lawal mai sayar da kananzir ya wuce, sai dai ki ce mai kananzir. Suka ce ai kunyar ɗan fari ce. Maƙwabciyarmu Goggo Hansai har yabonki take yi a gidan suna, tana cewa, "Kunyar A'i ta fi ta Fulani, ku 'yan yanzu ku zo ku koya." Shirun da kika yi don kada ki yi ƙarya, shi ya zama babbar shaidar ƙaryar.

Ni dai na san bambancin. Lawal na gaskiya kin yi masa kunya, yaron nan kike ce masa. Amma Sani, sau goma kike kiran sunansa a yini. Sani, ɗebo ruwa. Sani, awaki sun shiga gonar mutane. Sani, zan ci mutuncinka yau. Daga ranar da keken nan ya tafi, sunayen biyu suka fita daga bakinki tare. Ɗaya ba za ki aza wa wanda ba shi ba, ɗayan kuma an hana ki kira.

Yaya ya yi karatu, wannan ba a ƙwace masa. Takardar farko ce ta wani, amma duk jarrabawar da ta biyo baya da kansa ya ci ta. Ya koyar a firamare, ya yi kansila, sannan guguwar siyasa ta ɗauke shi ta dire a Abuja. Yana da baki, yana da fara'a, kuma ba ya manta sunan mutum. Zai ga tsoho sau ɗaya a Karofi, bayan shekara biyar ya kira shi da sunansa da na babansa. Ina yawan tunanin wannan, mutumin da ya riƙe sunan kowa ya saki nasa.

A yaƙin zaɓensa na farko ne magoya bayansa suka zo gaishe ki, suka ji kin leƙo kina tambayata, "Mai akwatin ya iso?" Suka dubi juna suka ɗau shewa, wai uwa ta yi masa baki, akwatin zaɓe nasa ne. Kafin mako ya zagayo an buga shi a fasta, an manna daga Dutsin-Ma har Kurfi, a bangon shaguna da bayan babura. Mai Akwati, akwati naka ne. Maroƙa suka sa shi a kirari. Na nuna miki fastar, na karanta miki abin da aka rubuta. Kika daɗe kina kallonta, sannan kika ce, "Allah Ya kyauta," kika koma kan daddawarki.

Ba zan ce bai yi komai ba, don ƙarya ce na zo in guje wa. Rijiyoyin burtsatse da ya haƙa har yau ana shan wasu. Ya samar wa 'ya'yan mutane aiki, ciki har da nawa biyu. Ni kaina shi ya tsaya na yi karatu har na zama malama, na yi shekarun aikina a Kurfi na yi ritaya da mutuncina. Duk abin da na ci a duniyar nan akwai ƙamshin akwatin nan a jikinsa. In baki ya ci, dole ido ya ji kunya, kuma nawa idon ya ji ta shekara da shekaru.

Amma hanyar Barkiya sau uku ana aza mata harsashi, da kaɗe-kaɗe da rumfuna, har yau in damina ta sauka sai an ɗauki babur a ka. Lokacin da 'yan bindiga suka fara tashin ƙauyuka, mun gan shi a talabijin ya miƙe a zauren majalisa yana buga ƙirji, sai da jijiyar wuyansa ta fito. Aka tafa masa, aka ce a kafa kwamiti. Unguwarmu dai ta watse. Yau ko kabarin Yaya Lawal ba mai iya zuwa, ciyawa da tsoro sun rufe hanyar.

Kuma duk shekara huɗu sai ya cika takardar tsayawa takara, ya liƙa mata takardar firamaren Lawal, ya je ya rantse cewa shi ne. Ya ci, ya je Abuja, ya sake ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Ba ki taɓa zuwa bikin rantsarwa ba, ba ki taɓa fita jefa ƙuri'a ba. Motar da ya aiko miki ta zauna a ƙofar gida har kaji suka fara kwanci a ƙarƙashinta. Mutane suka ce kunya ce, kawaici ne irin na mutanen da. Komai kika yi sai su ce kunya.

Sau ɗaya na taɓa tambayarki. Muna tsince wake a tsakar gida na ce, Inna, har yaushe? Ba ki ɗago ba. Kika ce, "Wanda ya ɗaura shi zai kwance." Na ce ai Baffa da Baba duk sun rasu. Kika ce, "To ai ya rage saura ɗaya."

Yanzu zan taɓo ranar da ba na son taɓawa. Asibiti, da hantsi, kwana ɗaya kafin ki cika. A ɗakin akwai likita, akwai matar Yaya, Hajiya Rabi, akwai manyan jam'iyya biyu da suka zo dubiya. Yaya yana tsaye a gefen gadonki cikin babbar riga. Kika buɗe ido kika kafe shi da su, kika ce, "Sani."

Sama da shekara arba'in ban ji sunan nan a bakinki ba. Ya fito a shaƙe, amma ya fito sarai, yadda kike kiransa in za ki ba shi ƙanzo a ɓoye. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya dubi likita, ya dubi baƙinsa, sannan ya ce a hankali, "Ta fara ruɗewa, marigayi take kira." Suka gyaɗa kai cikin tausayi. Kika ci gaba da kallonsa na ɗan lokaci, sannan kika lumshe ido. Ban sake jin wata kalma daga gare ki ba sai shahada.

Na tsane shi a ranar, Inna. Na faɗa miki ƙarara. Na tsane shi, kuma na yi shiru, na karɓi ruwan da ya miƙo mini na sha.

Abin da ya biyo baya ba ki gani ba, bari in ba ki labari. Ranar sadakar ukunki an cika layinmu da rumfuna, motoci har bakin titi. Muna ciki tare da mata muna jin addu'o'i ta lasifika. Sai aka kawo Malam Ɗahiru a kan babur daga Kurfi, inda yake zaman gudun hijira wajen jikokinsa. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi. Da yake shi ne mafi shekaru a wurin, aka girmama shi aka miƙa masa abin magana. Ya riƙe hannun Yaya ya ce, "Sani, ɗan Malam Idi, sannu da haƙuri. Allah shi jiƙan A'i, shi haɗa ta da ɗanta Lawal da ya riga ta. Ni na yi mai wanka da hannuna, yaron kirki."

Wasu suka ce amin kafin su ji abin da suka ce wa amin. A cikin gida Goggo Hansai ta ce tsufa ke nan, ya juya sunayen. Amma a waje wayoyi sun fi ashirin a sama suna ɗauka, kuma ba duk wanda ya zo ta'aziyya ne masoyi ba.

Malam Ɗahiru bai yi don sharri ba. Addu'a ya yi, kuma ba a yi wa mamaci addu'a da sunan aro. Ya rasu bayan 'yan watanni bai ma san ya tayar da ƙura ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abokan hamayya suka ɗauki hoton suka yaɗa, suka kai ƙara. Jam'iyyarsa da ya yi wa bauta ta ce ba ta san zancen ba, ta miƙa tikitin ga wani. Daga nan hukuma ta gurfanar da shi kan rantsuwar ƙarya da amfani da takardar wani. Ya yi kwanaki a tsare kafin a ba da belinsa. Ƙofar gidansa da a da sai an yi layi, yanzu akuya ke kwana a wurin. Maroƙan da suka yi masa kirari sun sauya suna ɗaya a cikin kirarin sun kai wa sabon.

Lauyoyinsa ba su zauna ba. Suka ce maganar tsoho makaho ce mai gigin tsufa, kuma ya rasu, ba a tambayarsa. Rajistar makarantar gara ta cinye. Mutanen unguwarmu ta dā sun watse, wasu sun mutu, wasu sun tsallaka Nijar, sauran kuma sun ce ba su tuna ba. Sai suka kawo babban makaminsu, wato ke. Suka jero tsofaffin matan unguwarmu ta Dutsin-Ma a gaban alƙali, Goggo Hansai a gaba da sandarta. Ta rantse ta ce, "Shekara talatin katangarmu ɗaya da A'i, ban taɓa jin ta kira sunanshi ba. Wa ake yi ma wannan in ba ɗan fari ba?" Aka yi dariya a kotun, alƙali ya rubuta. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Ina zaune a baya ina jin ana amfani da shirunki ana wanke abin da kika mutu kina ƙi.

Daga nan aka ce ai akwai ƙanwa. Sammaci ya same ni a gida a Kurfi.

Ba irin maganar da ban sha ba a makonnin nan. Dangi suka yi ta zarya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Naka sai naka. Hajiya Rabi ta zo ta durƙusa mini, matar da ba ta taɓa zama a tabarmata ba, ta ce in dubi 'ya'yansa, duk takardunsu da sunan Lawal suke. Ɗana na fari ya ce, "Mama, in kika rusa shi kin rusa mu." Wani malami ma aka turo mini, ya ce ai akwai kaffara. Na ce Malam, rantsuwar da aka yi da gangan a kan ƙarya fa? Ya gyara rawani ya ce zai duba littafi, bai dawo ba.

Yaya da kansa ya zo ana saura kwana biyu in shiga kotu, da hantsi, shi kaɗai, ba jiniya ba 'yan rakiya. Ya rame, gemun ya yi fari fat, rigar ta yi masa yawa kamar wancan wandon. Ya ƙi kujera ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Hajara, ni ban saci sunan nan ba. Aza mini shi aka yi ina ɗan shekara goma sha biyu, ba wanda ya tambaye ni." Na ce gaskiya ne, Yaya. Na ce amma wanda ya rantse sau huɗu ba ɗan shekara goma sha biyu ba ne, kuma wanda ya tsaya a gefen gadon Inna ma haka. Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Kalma ɗaya ce kawai. Ina da ciwon suga, Hajara, in aka kai ni can ba zan fito ba."

Ban ce masa e ba, ban ce masa a'a ba. Na zuba masa fura, ya sha rabi ya tafi. Da ya miƙe na ga yana dafa bango, sai tsanar nan da nake riƙe da ita ta zube, ta bar ni da tausayi, wanda ya fi ta nauyi.

A nan ne zan yi miki ƙorafi, ki gafarce ni. Kin tsare bakinki, Inna, kin tafi da shi a tsarkake. Amma shirun nan bai kashe maganar ba, ajiye ta ya yi, kuma ni ya ajiye wa. Da kin fito ƙofar gida ranar nan kin riƙe keken. Da kin faɗa wa Goggo Hansai ko sau ɗaya cewa ba kunya ba ce. Na san zamaninku ba namu ba ne, na san mace ba ta tsayawa gaban wan miji. Amma ni ma mace ce, kuma ni aka miƙa wa Alƙur'anin.

Na shiga kotun da dabara a raina. Na ce zan yi irin taki. In aka tambaye ni in ce yayana ne, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, in tsaya a nan. Ba ƙarya, ba tonon asiri. Duk hanyar Kurfi zuwa Katsina ina maimaita ta a cikin mota.

Da na shiga sai na gan shi a tsaye a inda ake tsayar da wanda ake tuhuma. Kin san me ake ce wa wurin? Akwati. Na kusa yin dariya a gaban alƙali, dariyar da ta fi kuka ciwo. Na ce a raina, Inna, bakinki dai bai faɗi ƙasa ba.

Aka rantsar da ni. Lauyan gwamnati ya ce ko na san mutumin da ke cikin akwati. Na ce yayana ne. Ya ce sunansa fa? Na ce uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar. Sai alƙali ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, kotu ba ta san kunya ba. Suna muke so."

Wallahi har lokacin ban yanke shawara ba. Na juya na dube shi don in ga ko zan iya. Bai yi mini alama ba, bai roƙe ni da ido ba. Yana tsaye ya riƙe katakon da hannu biyu, kamar yaron da ke jiran a kira rajista. Abin da ya fito daga bakina ba amsar lauya ba ce. Kira ne, kuma da irin muryarki ya fito. Na ce, "Yaya Sani."

Ya ce, "Na'am."

Bai yi tunani ba, Inna. Kafin lauyansa ya miƙe, kafin shi kansa ya ankara, kalmar ta riga ta fita. Kuma da ya ji abin da ya faɗa bai janye ba. Ya rufe ido, hawaye suka gangaro cikin gemun, ya sake cewa a hankali, "Na'am." Lauyan da ya fara tashi ya koma ya zauna. Alƙali ya rubuta.

Sauran tambayoyin na amsa su duka. Bazarar, akwatin, keken, Baffa, Malam Ɗahiru. Na faɗi cewa yaro ne aka aza wa, na roƙi a sa wannan a ma'auni. Ban sani ba ko za a sa.

Kada ki ɗauka na fito ina jin na yi abin kirki. Hajiya Rabi ta faɗi a barandar kotu tana kururuwa, tana cewa na ci amanar gidan da ya rufa mini asiri, kuma ban ga inda ta yi ƙarya ba. Wani ya jefe ni da ledar ruwa. Ɗana ya tuƙo ni har gida bai ce mini uffan ba, jiya kuma bai zo gaishe ni ba. An ɗage zaman zuwa ranar hukunci, an soke belin, an tafi da shi a motar gidan yari. Masu sanin shari'a sun ce ba zai tsira ba. Ina tunanin sugansa, ina tunanin wa zai tuna masa lokacin allura. Waɗanda ke yabona a waya kuwa, ba na son yabonsu. Jiya su ne masu tafa masa, kuma ba ɗan'uwansu aka rufe ba.

Akwatin yana wajena. Bayan rasuwarki na same shi a ƙarƙashin gadonki, ashe a ciki kike ajiye likkafaninki da turarenki. Shuɗin ya koɗe, amma farin fentin yana nan, ana karanta sunan sarai. Na goge shi jiya na rufe, ba wanda zai sake tafiya ko'ina da shi.

Innata, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Kin yi kira a asibiti ba a amsa miki ba, kin tafi da wannan a ranki, ni kuma na zauna da shi a nawa. Na zo in gaya miki ya amsa. Ya makara da shekara biyu, kuma a wurin da ba za ki so ki gan shi ba, amma ya amsa, har sau biyu. Ɗaya nawa ne. Na biyun na san ba ni yake amsa wa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki shirunki, Ya ba ki ladan abin da kika haɗiye. Allah Ya gafarta wa Baba da Baffa da Malam Ɗahiru. Allah Ya jiƙan Lawal, wanda ke kwance a bayan Barkiya, wanda aka yi shekara arba'in ana yi wa addu'a da sunan ƙanensa. Allah Ya dubi Sani a inda yake, Ya sassauta masa, Ya karɓi tubansa, Ya sa ya fito da ƙafarsa. Ni kuma, in na yi daidai Allah Ya karɓa, in na yi kuskure Ya yafe mini, Ya sanyaya zukatan 'ya'yansa a kaina. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Hajara, ƙanwar Lawal da Sani.
Daga Kurfi.